Ranar da Na Tafi Gida da Makullin Rami

Masu turo min saƙo suna cewa, "Salome, ke dai ki zaɓi ɗaya ki huta," na gode da shawara. Ku gyara zama ku ji abin da ya same ni ranar Lahadin da ta wuce, in kun gama sai ku nuna min ƙofar da ake bi a huta ɗin.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Salome Fankhauser, ni ce autar gidanmu, kuma a kwarinmu na Emmental auta ke gadon gona. Ba doka ce a rubuce ba, amma kowa ya san da ita tun yana rarrafe. Yayye su kama gabansu, auta ta zauna da shanu, iyaye kuma in ƙarfi ya ƙare su kwashe su koma ƙaramin gidan tsofaffi da ke bayan garke, wanda muke kira Stöckli. Yayata Käthi ta gane karatun da wuri, ta auri mai gyaran famfo a garin Thun ta yi zamanta. Ni kuwa boko ya ja ni ya ajiye a wata cibiyar bincike a bakin kogin Aare, inda na yi shekaru ina rainon maganaɗisu.

Raino na ce, domin ko jariri bai kai shi rigima ba. Girmansa bai wuce tayar tarakta ba, amma da wani siririn zaren ƙarfe aka naɗa shi, wanda in aka sanyaya shi sanyin da babu irinsa a duniyar mutane, wutar lantarki ke gudu a cikinsa ba abin da ke tare ta. Makonni muke yi muna sanyaya shi a hankali. Aikinsa kuwa kiwo ne. Ana harbo ƙwayoyin lantarki su daki wani ɗan ƙarfe, sai tagwayensu masu akasin caji, waɗanda ake kira fositiron, su fantsamo ta ko'ina kamar maruƙan da aka buɗe wa garke. Maganaɗisun nan shi ke tattaro su ya kora su ta ƙofa ɗaya. Masu shirin gina babban injin karo da ƙwayoyi a Geneva suna buƙatarsu da yawa, kuma har ranar ba wanda ya taɓa ganin namu ya kamo ko guda.

A wannan Lahadin aka ba mu damar gwadawa, daga rana zuwa yamma kawai, domin da safiyar Litinin za a kashe injin harbin gaba ɗaya a shiga gyaran hunturu sai bazara. A wannan Lahadin kuma Mama ta ce lallai in zo cin abincin rana, Baba yana da magana. Na ce mata a ɗaga. Ta ce min mahaifina bai taɓa neman komai a wurina ba, in kuwa ƙarfe ya fi shi, to, ta ji. Kun san irin wannan "ta ji" ɗin ta iyaye mata. Na roƙi shugabanmu ya bar ni in je in dawo kafin la'asar, ya yarda yana ɓata rai.

Da sassafe na sauka ramin da maganaɗisun yake don in duba wata wayar awon sanyi da ke mana wasa. Ga yadda dokar ramin take, ku riƙe ta da kyau. Duk mai shiga sai ya nuna wa na'ura ƙwayar idonsa, ya zare makulli ɗaya daga allon da ke bakin ƙofa, ya shiga da shi. Muddin makulli ɗaya bai koma gurbinsa ba, injin ba zai tashi ba, domin a wurinsa akwai rai a ciki. Kuma wanda ya zare shi ne zai mayar da kansa, da idonsa, ba aike ba saƙo. Fita kuwa ba a hana kowa, ka tura ƙofa ka wuce. Ina fitowa waya ta ɗauki ƙara, Mama ce, tana tambaya ko na kama jirgin ƙasa na safe, ko kuwa sai naman ya bushe. Ina amsa mata ina gudu, ina neman hulata, ina ɗaga wa Corrado hannu ta gilashin ɗakin sarrafawa.

Corrado ɗan Genoa ne, shi ke kula da injin sanyaya mana. Tare muke cin abincin rana, shi ke ajiye min kofi a gefen kwamfuta ba tare da na tambaya ba, ya san ba na sa sukari. Sau ɗaya ya taɓa gyara min gashin da ya zubo min a goshi, ya janye hannu da sauri kamar ya taɓa murhu. Iyakar abin da ke tsakaninmu ke nan, amma ni zuciyata ta riga ta gina gida a kai har da labule.

Na iso gida na tarar an share tsakar gida har ƙarƙashin benci, an goge manyan ƙararrawar shanun da ke rataye a ƙarƙashin rufi. Ba a goge su kuwa sai da dalili. Mama ta tare ni a ƙofa cikin kayan gargajiyarta na coci, baƙar rigar ƙirji da sarƙoƙin azurfa, farin hannun riga an buga shi da sitaci har yana ƙara. Ta dubi wandon jins ɗina da rigar sanyin wurin aiki, ta ce akwai kaya a kan gadona. Ta miƙo hannu kuma, na ba ta wayata, ta jefa a durowar cokula. Dokar gidanmu ce tun ina sakandare, ba a cin abinci da waya.

A kan gadon na sami shuɗiyar rigar da Käthi ta sa ranar baikonta, an rage mata ƙugu daidai ni, har da ɗankunnen kakata a cikin ɗan faranti. Na tuɓe jins na wurga a kujera, na sa rigar. Ta zauna min ɗas, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Da na sauko falo sai na ga Käthi da mijinta, har da Simu Wüthrich da mahaifiyarsa. Simu maƙwabcinmu ne na tsallaken rafi. Shi ne babba a gidansu, don haka gonarsu ta ƙanensa ce, shi ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa. Tun da ƙugun Baba ya fara ciwo shi ke zuwa safe da yamma yana tatsar shanunmu, ya san kowace da sunanta da halinta. Ranar ya yi aski, ya sa farar riga da baƙar falmaran ta karammiski, wuyansa ya yi ja saboda maɓallin sama. Ya miƙe ya ba ni hannu, ya ce, "Sannu da zuwa, likitar ƙarfe." Haka yake tsokanata tun da na fara aikin. Na ce masa, "Sannu, angon shanu." Babu wanda ya yi dariya, mahaifiyarsa ma sai ta dubi Mama suka yi murmushi, na gane na taka wa kaina ƙafa.

Aka kawo babban farantin nama da tsiran alade da busasshen wake da dankali, ga burodin Lahadi mai kitso a tsakiya. Ana ci ana hirar farashin ciyawa da sabon fasto. Käthi tana ta zungurina a ƙarƙashin tebur. Can sai na fara jin cokula suna kaɗawa a durowa, su yi shiru, su sake. Mama ta yi kamar ba ta ji ba, ta ƙara wa Simu dankali.

Baba ya ajiye wuƙarsa ya share baki. Mutum ne da bai cika magana ba, in ya yi jimla uku a jere to an yi biki. Ya ce likita ya sa ranar yi masa aikin ƙugu bayan sabuwar shekara, kuma an gaya masa ko an yi ba zai ƙara hawa tudu da guga ba. Ya ce shi da Mama sun gyara Stöckli, an sa sabon murhu. Ya ce gonar nan ba ta taɓa fita daga hannun Fankhauser ba, kuma ba ya so ta fita a kansa. Sannan ya dube ni da idanun nan nasa masu ruwa-ruwa.

"Salome, ba na tilasta miki. Amma gida naki ne, kin sani. Simu kuma ya zo ya same ni da magana irin ta mutunci. Ina so in ji daga bakinki."

Jama'a, da zagi ya yi da na sami abin kamawa. Amma "ba na tilasta miki" daga bakin tsohon nan, ina za ka bi ka fita? Na ji rigar Käthi ta matse ni a haƙarƙari. Na ce bari in ɗauko kirim ɗin da za a zuba a kan kayan zaƙi, na tashi kafin Mama ta hana ni.

A kicin na jawo durowar. Saƙonni sun cika fuskar wayar, duk na Corrado.

"Salome, makulli ɗaya babu a allo."

"Na'ura ta ce naki ne. Duba aljihunki."

"Mun zagaye ramin, babu kowa, babu makulli. Ɗauki waya."

"Shugaba ya daina magana. Kin san abin da hakan ke nufi."

"Don Allah, Salo. Rana tana tafiya."

Na haura sama ban san ina taka matakala ba. Na sa hannu a aljihun jins, ga shi nan, ɗan jan makulli da lambarsa, har da ɗumin ɗaki a jikinsa. Na zauna a bakin gado na rasa ma kukan. Aikin mutane na shekaru, sanyin makonni, duk suna tsaye suna jiran abin da ke tafin hannuna a ƙauyen da motar haya ke shiga jefi-jefi ranar Lahadi. Akwai hanyar karya dokar, amma sai an tara shugabannin tsaro sun sa hannu, kuma a ƙasar nan ranar Lahadi ko gobara sai ta nemi izini kafin ta tashi. Na kira Corrado. Bai tambaye ni ya nake ba. Ya ce zai zo ya ɗauke ni amma ba zai iya barin injin sanyi ba, in nemi mota ko ta wane hali. Na leƙa taga, na ga bayan motar haya mai ruwan ɗorawa tana shan kwanar coci.

Na sauko da makullin a hannu, ba kirim. Kowa ya zuba min ido, suna tsammanin amsa na je nemowa. Na ce dole in koma wurin aiki yanzun nan, na yi kuskure, na taho da abin da ba a tahowa da shi. Na yi ƙoƙarin bayani, amma yaya za ka gaya wa mutanen da ba sa kulle ƙofar gidansu cewa makulli ɗaya ya tsayar da inji mai tsawon kwari?

Mama ta ce a hankali, "Mahaifinki ya yi miki tambaya."

"Na ji, Mama. Zan amsa. Amma ba yanzu ba."

"Ki ba Käthi ta kai musu abin mana."

"Ba ya karɓar hannun kowa sai nawa."

Mahaifiyar Simu ta ce ita dai ba ta taɓa jin makulli mai zaɓen hannu ba. Baba ya sunkuyar da kai yana juya zoben aurensa. Wannan ya fi komai yi min ciwo. Sai Simu ya tura kujerarsa baya, ya ɓalle maɓallin wuyan nan da ya dame shi tun safe.

"Taso in kai ki."

Mama ta ce tatsar yamma fa? Ya ce mijin Käthi yana da hannu biyu, ya nuna masa sau ɗaya a bara. Ban tsaya canza kaya ba, na ɗora rigar sanyin aiki a kan shuɗiyar rigar baiko, na zura takalman roba na Mama da ke bakin ƙofa. Muna fita na ga labulen gidan Wüthrich na tsallaken rafi ya motsa, na maƙwabtan sama ma ya motsa.

Motarsa tana warin ciyawa da kare. Mun yi nisa shi yana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, ni ina duba waya ina cizon yatsa. Sai da muka hau babban titi ya taka ta, ya kuma buɗe baki ba tare da ya dube ni ba. Ya ce yana so in san wani abu kafin in ji a bakin mata. Ya ce in na ƙi gonar, Baba zai ba da ita haya ga wani mai manyan taraktoci daga ƙasan kwari, wanda ciyawa kawai yake so, shanun kuwa kasuwa za a kai su. Shi kuma zai koma tuƙin motar madara.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, Salome. Ina son ki. Ina son gonar. In kika tambaye ni wanne ya riga shiga raina, ban sani ba. Na yi ta tunani ina tatsa, ban gano ba."

Na ce, "To me ya sa kake kai ni? Da ka bar ni a teburin, da yanzu wataƙila na ce to."

"Shi ya sa. Ba na son 'to' ɗin da aka matse a lungu."

Na juya fuskata ga taga don kada ya ga idona. Da mugu ne da abin ya zo min da sauƙi. Ina ta neman laifinsa tun daga garin Langnau har muka hango kogin Aare, ban samu ba, sai dai yana shan alawar tari yana tauna ta da ƙarfi.

A ƙofar cibiyar mai gadi ya ce shi ba shi da izinin shiga. Simu ya ce ba komai, zai jira a wurin ajiye motoci. Na ce ya koma gida, zan daɗe. Ya ce ya ji, ya kashe mota ya kwantar da kujera.

Na ruga da takalman roba suna ƙwal-ƙwal a kan siminti. Na nuna wa na'ura idona, ta ƙi, domin hawaye sun cika shi. Na goge da gefen rigar Käthi, na sake. Na sa makullin a gurbinsa na murɗa, fitilun allon suka koma kore gaba ɗaya, ƙahon gargaɗi ya fara kuka a cikin ramin. Ban taɓa jin daɗin wannan mummunar ƙarar ba sai ranar.

A ɗakin sarrafawa ba wanda ya yi min faɗa, abin da ya fi faɗan zafi. Shugaba ya dubi rigata da takalmana ya mayar da ido kan allo. Na zauna na fara ɗaga wutar maganaɗisun a hankali, ina kallon awon sanyi, domin in wuri ɗaya ya ɗan ɗumama a cikin naɗin, ƙarfin gaba ɗaya zai zube a mayar da mu baya da makonni. Bai zube ba. Ya hau har inda muke so ya tsaya cak. Aka saki harbin. Da farko layin da ke allon a kwance yake. Corrado ya ɗan gyara wani abu, na gyara nawa, sai ga wani ɗan tudu ya taso, ya sake tasowa a harbi na gaba, ya ƙi komawa. Fositiron ne, namu, an koro su ta ƙofa ɗaya.

Ɗakin ya kaure. Wani ya fito da kwalbar giyar da aka ɓoye a firij tun bazara. Corrado ya ɗaga ni sama ya juya da ni har takalmin Mama ɗaya ya fita, ya sauke ni bai sake ni ba. Ya ce a kunnena shugaba ya riga ya gaya masa, in gwajin ya yi kyau za a kai maganaɗisun Geneva a ci gaba da shi shekaru uku, kuma mutum biyu za su bi shi.

"Ni da ke, Salo. Na ce masa in ba ke, ni ma ba ni. Na daɗe ina so in gaya miki wani abu, amma ina jiran abin nan ya yi aiki tukuna."

Abin da na yi shekaru ina jira ke nan, kuma ya zo min ina sanye da rigar baikon yayata, wani mutum yana kwance a mota a waje yana jirana. Sai wayata ta motsa a aljihu, na ce masa ina zuwa. Na fita baranda na buɗe.

Mama ce ta turo hoto. Stöckli ne, da hasken yamma a kan rufinsa, hayaƙi yana tashi daga bututun da ya yi shekaru bai ga wuta ba tun rasuwar kakata. A bakin ƙofar ga Baba a zaune a tsohuwar kujerarsa ta falo, wadda ko Mama ba ta isa ta matsar ba, an ɗauko ta an kawo. Yana murmushi. Rabon da in ga haƙoransa a hoto tun bikin Käthi.

A ƙasa ta rubuta: "Kuna fita mahaifinki ya ce yarinyar da ta shiga motar mutum a gaban iyayenta ta riga ta ba da amsa, kunya ce kawai irin ta Fankhauser. Ya ƙi jira, mun kwashe gadon da kujera. Duk kwari ya ga hayaƙin, matar fasto har ta kira. Ban taɓa ganinsa da farin ciki haka ba, 'yata. Na shimfiɗa miki a babban ɗaki."

Ta gilashi Corrado yana ɗago min kofin roba yana yi min alamar in shigo. Ta ɗaya tagar ina hango motar Simu ita kaɗai a filin, ya kunna 'yar fitilar ciki. Na danna wurin rubuta amsa, na rubuta "Mama, ba haka", na tsaya ina kallon fuskar Baba a hoton, sannan na goge.